Kangarun da Ya Juya Baya

Yayana Merv Tregonning ya shekara talatin da ɗaya yana alƙalancin gasar haɗa ƙananan jiragen sama na roba a garinmu Kadina, alhali rabonsa da ya haɗa jirgi da hannunsa tun 1979. Kowa a kulob ya san da haka, ba mai iya faɗa. Ni kaɗai nake faɗa, ni kuwa ba a lissafi da ni, don mai dafa shayi ce. Mijina ne ya fara ja na zuwa zauren cocin da suke taruwa duk Talatar farkon wata, ya rasu ya bar ni da butar shayi da tsofaffi goma sha takwas masu warin gam.

Aikin nasu bai wuce a sayo kwali, a ɓalle gutsattsarin roba, a manna, a shafa fenti, a samu jirgi mai tsawon tafin hannu wanda ba ya tashi, ba ya ɗaukar komai sai ƙura. Amma da idona na ga dattijai biyu sun yi wata takwas ba sa ga-maciji a kan irin koren fentin da ke cikin wani jirgin yaƙi, hujjar kowannensu kuwa hoto ne baƙi da fari.

Merv ma'aikacin gidan waya ne. Shekara talatin da takwas ya yi yana zaga gari a kan jan babur yana jefa wasiƙu, karnuka suna rakiyarsa. Ba ya shan taba, ba ya caca, giya sai ran Kirsimeti. Duk abin da ya samu a kwalaye yake ƙarewa. A bayan gidansa akwai sito na kwano, ciki akwai jirage ɗari shida da goma sha biyu, duk tsofaffin yayi na zamanin ƙuruciyarmu, kuma ko ɗaya ba a buɗe ba. Kowane iri uku yake saye: ɗaya na haɗawa, ɗaya na ajiya, ɗaya kuma ko da wani abu ya sami na ajiyar. Ya sa wa siton na'urar sanyaya ɗaki don kada zafin Janairu, tsakiyar bazara a wajenmu, ya lanƙwasa robar, shi kuwa yana kwana da tsohuwar fanka mai ƙara.

Ya taɓa neman aure sau ɗaya. Malamar makaranta ce, mai hankali. Ya kai ta siton don ta ga arzikinsa, ta tsaya ta dubi kantoci daga ƙasa har rufi, ta tambaye shi yaushe zai haɗa su. Ya ce in ya yi ritaya. Kafin shekara ta zagayo ta auri mai gidan mai a garin Wallaroo. Merv ya yi ritaya a 2012, kuma abin da ya fara yi shi ne ƙara kantoci biyu.

Ranar gasa kuwa, wadda ake yi duk Oktoba, sai ka rantse wani mutum ne daban. Zai shigo da farar riga a goge, da 'yar tocila siririya kamar biro, da ɗan madubin nan mai dogon hannu na likitan haƙori. Zai sunkuya a kan jirgin da mutum ya yi wata shida yana fama da shi, ya zura madubin ƙarƙashin fiffike, ya haska, ya yi ta dubawa har mai jirgin ya fara zufa.

"Wannan da hannu aka yi shi ko da ƙafa?"

Ko kuma ya ce, "Fentin ya yi kyau. Da tsintsiya aka shafa?"

Aƙidarsa ɗaya ce, kuma duk wata sai mun sha wa'azinta tsakanin shayi da biskit: tsofaffin jirage su ne jirage. "Na yanzu ai ba aiki ba ne," in ji shi. "Ka zuba gam a kwalin ka girgiza, da kansu za su haɗu. Na da kuwa sai namiji." Ba wanda ya taɓa tambayarsa ina namijin yake.

Akwai wata doka a littafin kulob da ake kira Dokar Merv, don shi ya sa aka rubuta ta. Jan kangarun da ke cikin tambarin jiragen sojanmu, dabbar nan tamu mai tsalle, a kowane gefen jirgi yake, gaba yake fuskanta, wajen hanci. Duk wanda ya manna shi yana kallon wutsiya, maki goma ya tafi daga cikin ɗari, ba roƙo ba ɗaukaka ƙara. 'Yan kulob sun ɗauka kishin ƙasa ne. Ni na san ba shi ba ne, don ina wurin.

A 1979 Merv yana da shekara ashirin da shida ya kai jirginsa babbar gasa a birnin Adelaide. Na raka shi, ina riƙe masa fastinsa, burodi mai nama a ciki, a takarda don ya kasa ci. Alƙalin ranar wani tsoho ne, Mista Angove. Ya zagaya jirgin sau ɗaya, ya ɗago kai ya ce da ƙarfi, "Samari, kangarunka ya hango yaƙi ya juya zai koma gida." Zauren ya fashe da dariya. Merv ya ɗauko jirginsa muka koma Kadina. Ya ɗora jirgin a kan kabad, tun daga ranar bai sake buɗe kwalbar gam ba. Sai ya koma saye, daga baya ya sayi tocila.

Abin da ya tayar da ƙura bara shi ne Raelene Hocking, wata nas da ta yi ritaya ta shigo kulob. Matar tana da hannu, ba ƙarya. Wadda ta shekara arba'in tana nemo jijiya a hannun jarirai, roba ba za ta ba ta wahala ba. Shekara uku a jere Merv yana hana ta na ɗaya, na ƙarshen a kan cewa ɗamarar kujerar matuƙinta ta yi faɗi da kaurin gashi. A taron Afrilu ta miƙe, ba hayaniya, ta kawo shawara: duk mai son yin alƙalanci sai ya kawo jirgin da ya haɗa da hannunsa a wannan shekarar, kuma jirgin ya sami maki hamsin. In bai samu ba, ya ajiye tocila.

Shugaban kulob, Col Penberthy, manomin sha'ir ne mai yatsu kamar ayaba, wanda Merv ya taɓa ce wa jirginsa ya yi kama da wanda aka tono daga gona. Col ya ce a ɗaga hannu. Ban taɓa ganin tsofaffi masu ciwon kafaɗa sun ɗaga hannu da sauri haka ba. Goma sha bakwai suka yarda, Merv ya ƙi.

"To madalla," in ji Merv, fuskarsa ta yi ja. "Zan haɗa. Kuma tsoho zan haɗa, na 1966, don ku ga yadda ake aiki."

"Allah ya ba da sa'a, mutumina," in ji Col, yana kallon rufi.

Ku gane, tocilar nan ita ce Merv. Ba mata, ba 'ya'ya, babur ɗin ma an karɓe. Rana ɗaya ce a shekara mutane suke yin shiru in ya shigo ɗaki. In aka karɓe ta, abin da ya rage tsoho ne mai shekara saba'in da ɗaya da siton kwalaye.

A teburin kicin ɗina aka yi aikin, don siton ba wurin ajiye gwiwar hannu. Ya zo da jirgin ran wata Litinin. Irin na da ne da ake sayarwa a leda, da ɗan kwali mai hoto a manne a bakinta. Ya ajiye ledar, ya ajiye almakashi, ya zauna yana kallonsu har shayinsa ya huce.

"Mervyn, leda ce, ba wasiyyar Baba ba."

"Ba ki gane ba, Noeline. Iskar da ke ciki ta 1966 ce."

"To buɗe ta sha ta bana."

Ya yanka. Ya kai hanci ya shaƙa, idonsa a rufe. Sannan ya zazzage gutsattsari talatin da ɗaya a kan jarida, muka tsaya muna kallon abin da ya shekara talatin yana yi mana wa'azi a kai. Fiffike ɗaya ya lanƙwashe. Kowane yanki yana da tsiron roba a gefensa da sai an kankare. Ƙusoshin da aka zana a jikin jirgin, da a ce na gaske ne, kowanne zai kai kan mutum. Matuƙin kuwa dankali ne aka sa wa hula.

"Wannan shi ne namijin?" na ce.

"Yana da hali," in ji shi. "Na yanzu ba su da hali."

Halin ya ci mana wata biyar. Ya tsoma fiffiken a ruwan zafi ya danne shi da littafin girkina. Ya kwashe min abin maƙale shanya don matse gangar jirgin. Samfefarsa, takardar gogewa, ta ƙare ya koma kan abin gyaran farcena. Rabin gangar hagu ya fi na dama tsawo, sai da ya cike giɓin ya goge, ya cike ya goge, har sau shida. Da ya gama sai jirgin ya zauna a kan wutsiya, hanci sama kamar kare mai roƙon abinci, don ya manta bai sa masa nauyi a gaba ba. Sai da ya huda ƙasan hancin ya tura dalmar ƙugiyar kamun kifi ta mijina.

Ina tsokanarsa, amma akwai abin da na gani wanda ban yi wasa da shi ba. Hannun Merv rawa yake. Da tocila ba a lura, don haske ko ya yi rawa haske ne. Da burushi mai gashi uku kuwa ba ɓoyewa. Sai ya kama wuyan hannun dama da na hagu, ya riƙe numfashi, ya ɗiga fenti, ya sauke ajiyar zuciya. Ya san na gani. Tausayinsa ya kama ni har na daina yi masa maganar abin gyaran farcen.

Saura tambari. Takardar tambarin ta tsufa ta koma ruwan ƙwai, don haka ya manna ta a tagar kicin ta arewa rana ta wanke ta, kamar yadda 'yan kulob suke yi. Sati uku ina wanke kwanoni kangaru biyu suna tsaye a gabana, ɗaya na kallon hagu ɗaya na kallon dama. Da ta yi fari ya yanko na gefen dama, ya tsoma a ruwan ɗumi, ya zame shi a jikin jirgin, ya zauna daram yana kallon hanci. Ya yanko na gefen hagu ya tsoma. Ko minti ɗaya bai yi ba ya tarwatse a cikin kofin, jan gari-gari yana yawo a kan ruwa.

Merv ya daɗe yana kallon kofin.

"Ba kana da irinsa uku ba?" na ce.

"Na biyun na ajiya ne."

"Ajiya don wa? Ni ce magajiyarka, kuma na gaya maka kasuwar gwanjo ta coci zan kai su."

Kwana huɗu ya yi bai zo ba. Ran na biyar ya shigo da leda ta biyu kamar mai ɗauke da gawar kyanwarsa. Ya yanka ta ba tare da ya shaƙa ba. Aka sake sati uku a taga, wannan karon ya shafa wa takardar man ƙyalli don kada ta fashe. Ran Alhamis, saura kwana biyu gasa, ya zauna zai manna.

Merv mutum ne mai son abu ya yi daidai. Ya leƙa kangarun da ya riga ya manna a gefen dama, ya ga dama yake kallo, ya zaɓi irinsa sak daga sabuwar takardar. Ya juya jirgin, ya sa gilashin ƙara girma a ido, ya kama hannu da hannu. Ta cikin gilashin nan ba abin da yake gani sai gefen tambarin, kada ya karkace, kada ya yage. Ya zauna lafiya. Ya bi shi da man ƙyalli nan take, ya sa jirgin a gwangwanin kek ɗina ya rufe don ƙura, ya ce kada wanda ya taɓa.

Da ya fita ban ɗaki na ɗaga murfin. A gefen hagu hancin jirgi hagu yake. Kangarun yana kallon dama, ya miƙe ƙafafu, ya nufi wutsiya da iyakar ƙarfinsa.

Man ya riga ya kama, cire shi sai an kankare fentin gefen gaba ɗaya, aikin sati biyu ga mai lafiyayyen hannu. Na mayar da murfin. Da ya dawo na zuba masa shayi na ba shi biskit biyu.

Ran Asabar zauren ya cika, har da mutanen garin Moonta da ba su taɓa zuwa ba, don labari ya zaga. Aka ce Col da Raelene ne za su duba jirgin Merv. Ya ciro shi daga gwangwani da kansa, hannu na rawa, idonsa a kan ƙafafun jirgin kada su karye. Ya ajiye shi gefen dama na fuskantar jama'a, ya ja baya ya harɗe hannu.

Col ya zagaya ta baya. Na ga lokacin da ya gani, don wuyansa ya yi ja har kunne. Raelene ta zagaya, ta tsaya, ta dubi jirgin, ta dubi hannun Merv da ya ɓoye a hammata. Nas ce, ba ta buƙatar a gaya mata. Suka koma gefe suka yi ƙus-ƙus. Mutanen nan shekara da shekaru suna jiran wannan rana, ga ta ta zo musu har gida da ƙafarta.

"Hamsin da biyar," in ji Col. "Ka ci gaba da alƙalancinka, Merv."

Aka tafa, tafi na gaske. Da Merv mutum ne kamar kowa, da ya ce na gode an wuce wurin shayi.

"Hamsin da biyar?" ya ce. "A minti biyu? Ko madubi ba ku zura ba. Wannan shi ne alƙalanci? Ku matsa in koya muku."

"Bar shi haka, mutumina," in ji Col. "An gama."

"Mervyn, zo ka sha shayi," na ce.

Ina! Ya zaro tocila. Ya sunkuya a kan jirginsa kamar na wani, har ya fara jin daɗi. "Ga ɗigon gam a gilashin matuƙi, maki ɗaya. Kun gani? Ba ku gani ba. Ga layin haɗi a ƙarƙashin ciki, wanda ya yi wannan bai san samfefa ba, maki ɗaya. Hamsin da uku." Mutane suna dariya, shi ma yana murmushi, yana tafiya a hankali yana zagaya teburin. Ya iso gefen hagu, ya haska.

Hasken ya tsaya a kan jan kangarun yana rawa. Zauren ya yi tsit, har ana jin butata tana tafasa a kicin.

Raelene ta matso kusa da shi ta ce a hankali, "Ba wanda ya ga komai, Merv."

"Ni na gani," in ji shi.

Ya miƙe tsaye. Muryarsa ba ta yi rawa ba, ita kam. "Kangaru ya juya baya. Maki goma. Arba'in da uku. Col, rubuta."

"Haba, Merv..."

"Dokata ce. Na cire wa mutum tara maki a kanta, biyu daga cikinsu sun mutu. Rubuta."

Col ya rubuta. Merv ya kashe tocilar, ya haɗa ta da madubin, ya miƙa wa Raelene. "Batirinta na saurin ƙarewa," ya ce mata. "Kuma ɗamarar nan taki ta yi faɗi, har gobe." Ya mayar da jirgin gwangwani, ya ce in kai shi gida.

Ina tuƙi yana gefe, gwangwanin a cinyarsa ba murfi. Na shirya kalaman lallashi kala-kala, duk suka gudu. Sai da muka wuce filin ƙwallo na ce, "Tun ran Alhamis na gani."

"Na san akwai abin da kika gani. Tun da aka haife ki ba ki taɓa ba ni biskit biyu ba."

Ina satar kallonsa, ina jiran fuskar nan ta 1979. Sai na ga yana shafa fiffiken da ɗan yatsa.

"Amma kin ga fiffiken nan, Noeline? Shekara hamsin da takwas a lanƙwashe cikin leda. Dubi yadda ya miƙe."

"Ya miƙe, Merv."

"Leda ta biyun tana nan a buɗe. Ba ta da amfanin ajiya yanzu." Ya ɗan yi tunani. "Kangaru ɗaya ne ya rage a takardarta, na hagun, wanda ya kamata in manna."

"To na daman fa?"

Ya gyara riƙon gwangwanin da hannuwan nan nasa masu rawa, yana kallon hanya.

"Akwai leda ta uku," ya ce. "Ki share min teburin ran Litinin."

Na ce masa ya zo da samfefarsa, ya bar min abin gyaran farcena. Ƙwalla ta sa hanyar ta fara yi min dishi-dishi, sai da na rage gudu.